Watan da Kaya Suka Maƙale a Tema

Ranar 1 ga Yunin 2020 hukumar tara haraji ta Gana ta kashe tsohon tsarin da ake fiton kaya da shi a tashar jiragen ruwa ta Tema, ta kunna sabuwar manhaja mai suna ICUMS. Kafin mako ya zagayo kwantenoni sun yi tsibi, masu fiton kaya sun cika ofishin kwastan suna ta tada jijiyar wuya, har ta kai hukumar ta yarda a riƙa sakin wasu kayan da takarda da biro kamar zamanin da. Jaridun Akra sun bi labarin ta fuskar gwamnati da manyan kamfanoni. Amma zafin abin ya isa Nima da Sabon Zango da Ashaiman da zangon Kumasi, unguwannin da Hausa ce harshen ciniki, inda gida da yawa ke cin abinci daga abin da ya fito ta ƙofar wannan tasha.

Tun farkon shekarun 2000 har zuwa 2020 kamfanin GCNet ne ke riƙe da na'urorin kwastan na Gana. A 2015 aka ƙara da kamfanin West Blue, a Satumbar 2017 kuma Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Mahamudu Bawumia, ya jagoranci shirin raba tashar da aikin takarda. Sai ga shi a 2018 gwamnati ta sa hannu kan kwangilar shekara goma da kamfanin Ghana Link, wanda ya ɗauko fasahar UNI-PASS ta kwastan ɗin Koriya ta Kudu, aka gina ICUMS a kanta. Hujjar gwamnati mai ƙarfi ce: maimakon ɗan kasuwa ya riƙa zarya tsakanin manhajoji biyu, a haɗa komai wuri guda, a toshe ramukan da kuɗin fito ke zurarewa. Cibiyar IMANI da ƙungiyar masu fiton kaya suka yi ta gargaɗin cewa sabon tsarin bai nuna ba. An ɗage ranar farawa, an gwada a iyakokin Aflao da Elubo, an gwada a Takoradi a watan Afrilu aka sha wuya. Da aka zo kan Tema, wadda ita ce ke ɗauke da mafi yawan kayan ƙasar, annobar korona tana kan ganiyarta, iyakoki a rufe ga matafiya tun watan Maris, tara mutane a ɗaki guda don koyar da su kuwa ya zama abin tsoro.

Sai mutum ya san yadda takarda ke tafiya a cikin irin wannan manhaja zai gane inda gizo ke saƙa. Kamfanin jirgi ne ke fara shigar da jerin kayan da jirginsa ya ɗauko. Ejan, wato mai fiton kaya, ya shigar da bayanin kwantenar maigidansa: lambar takardar jirgi, nau'in kaya, nauyi, farashi, da lambar harajin mai kayan. Dole bayanan nan biyu su yi daidai, harafi da harafi. Daga nan jami'in ƙiyasta kuɗi ya duba, manhaja ta fitar da abin da za a biya, banki ya karɓa ya aiko da shaida, a duba kaya, sannan mai gadin ƙofa ya ga izini a na'urarsa. Kowane mataki yana jiran na bayansa. A watan Yunin nan wani ya shigar da lambar takardar jirgi manhaja ta ce ba ta san ta ba, wani ya fara aikinsa a tsohon tsari aka kashe tsarin da rabin aikin a ciki, wani ya biya a banki shaidar biyan ta ƙi isowa. Kayan na nan ana kallonsu ta bayan shinge, amma ba mai ikon taɓawa.

Agogon kamfanin jirgi kuwa ba ya tsayawa don na'ura ta tsaya. Ana ba mai kaya 'yan kwanaki kyauta, yawanci mako guda, daga nan kuɗin jinkirin kwantena ya fara hawa kullum, lissafinsa kuma da dala ake yi, ga kuɗin ajiya na tasha a gefe.

Babban kamfani yana da lauya, yana da ajiya a banki, yana da wanda zai kira a waya. Cinikin zango ba haka aka gina shi ba. Sau da yawa kwantena ɗaya ta mutum shida ce ko goma: wannan da dilar yadi, waccan da katan-katan na turare da kayan kwalliya, wani da kayan gyaran babur. Sunan mutum ɗaya ke kan takarda, shi ne wanda aka yarda da shi, sauran kuma suna cikin littafinsa da cikin amanarsa. Jarin ma ba na banki ba ne. Na adashi ne, ko na wani Alhaji da ya ce a juya a kawo bayan Sallah. A shekarar an yi ƙaramar Sallah a ƙarshen Mayu, babba kuma ranar 31 ga Yuli, wato rikicin ya faɗo daidai lokacin da ake jiran yadin da teloli za su ɗinka. Yadin Sallah da ya fito a makare ya riga ya yi asarar rabin darajarsa, ko da ba a ƙara masa sisin jinkiri ba.

Wanda ya fi shiga tsaka mai wuya shi ne mai sunan kan takarda. Manhaja shi kaɗai ta sani, masu kaya ma shi kaɗai suka sani. Ana yi masa sallama tun da asuba.

"Alhaji, ina labarin kayanmu?"

"Hajiya, wallahi na biya, ejan ya ce na'ura ce ba ta sake ba."

"To Alhaji, wannan ƙarin da ake ta faɗa, wa zai ɗauka?"

Ba shi da amsar da za ta gamsar, domin bai ga na'urar da idonsa ba, shi ma abin da ejan ya faɗa masa yake maimaitawa. A kasuwar da mutunci ne jari, kalmar "na'ura ce" tana iya kama da hanya-hanya ko da gaskiya ce tsagwaronta. Wannan asara ba ta shiga rahoton kowace hukuma, kuma a ganina ta fi ta kuɗi ciwo.

Akwai kuma direbobin manyan motoci masu ɗaukar kayan wucewa zuwa Burkina Faso da Mali da Nijar ta hanyar Paga. Direba da yaransa kuɗin hanya ake ba su ƙididdigagge. Duk kwanan da mota ta yi a tsaye a Tema daga guzurin hanya ake ci, a hura gawayi a gindin taya a dafa shinkafa, a shimfiɗa tabarma ƙarƙashin tirela. Masu kawo albasar Galmi daga Nijar ta iyakokin tudu asararsu ta fi sauri, don albasa ba ta san jiran sabis ba. Kwana biyu a rufe cikin zafi sai ta fara tsiyaya.

Duk da haka ba zan ce a koma gidan jiya ba. Bayan 'yan watanni tsarin ya daidaita, hukumar haraji ta riƙa sanar da cewa kuɗin fito da take tarawa ya ƙaru, kuma har yau da ICUMS ake aiki. Ga ƙaramin ɗan kasuwa ribar da ta fi kowace ita ce gani da ido. A da ejan ne kaɗai ya san abin da kwastan suka yanke. Ya faɗi abin da ya ga dama, a biya, a gode masa. Yanzu takardar biya tana fita da kowane haraji a jere, ana iya tura hotonta ta WhatsApp. Yaron zango da ke tuƙin tasi a Bronx ko aikin sito a Hambog, wanda ya tara kuɗi zai turo wa mahaifinsa mota, yana iya shigar da lambar jikin motar a shafin manhajar ya ga kimanin abin da za a nema kafin ya ɗora ta a jirgi. Gidaje nawa ne zumuncinsu ya taɓa lalacewa saboda na waje yana zargin na gida da cin kuɗin fito? Abin da ya rage irin wannan zargi alheri ne, kuma ya kamata a faɗa.

Laifin da nake gani yana wajen sauyin ne. An rushe tsohon rumbu tun sabon bai bushe ba. Duk wanda ya taɓa aikin girka babbar manhaja ya san makonnin farko ba sa rasa tangarɗa: bayanan da aka kwaso daga tsohon tsari sukan zo a karkace, ma'aikata hannunsu bai faɗa ba, layin neman taimako yakan cushe. Tunda an san haka, ana iya barin tsarin biyu su yi tafiya tare har a kammala duk aikin da aka fara a tsohon, ana iya kuma rubutawa tun a kwangila cewa jinkirin da na'ura ta jawo ba mai kaya ne zai biya ba. Horo ma ejan da jami'i ake ba wa, mai kaya sai dai ya ji a salansa. Alhali hanyoyin isa gare shi a buɗe suke: sarakunan zango, limaman Juma'a, shirye-shiryen Hausa na gidajen rediyon Akra da Kumasi, a lokacin ma har da ma'aikatar gwamnati sukutum ta raya zangonni.

Wata matsalar ta fi wannan daɗewa. Manhaja ba ta buɗe wa kowa ƙofa sai da lamba, kuma daga Afrilun 2021 lambar katin ɗan ƙasa, Ghana Card, ita ce ta zama lambar harajin mutum. Ga yawancin 'yan Gana wannan sauƙi ne. Ga ɗan zangon da kakansa ya zo fataucin goro ta Salaga tun kafin a zana iyakoki, karɓar katin kan zo da tambayoyi: ina ne garinku na asali, wace ƙabila? Mutanen da iyayensu suka ga korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ba sa jin irin wannan tambaya a matsayin cike fom kawai. Wanda kuma Banijare ne ko ɗan Nijeriya mazaunin Gana, katin baƙi ake ba shi, kuɗinsa dala 120. Wanda ya kasa samun ko ɗaya sai ya ci gaba da fakewa a sunan wani, tarihin cinikinsa da shaidar biyan harajinsa duk su tafi ga wancan. Ranar da zai nemi rance a banki sai a ce ba a san shi ba. Shi ya sa nake ganin ƙungiyoyin 'yan kasuwar zango su ɗauki rajistar mambobinsu da muhimmanci, su kuma tura 'ya'yansu da suka yi boko su koyi aikin fito su sami lasisi, don a sami ejan da zai zauna da Hajiya ya karanta mata takardarta layi-layi da Hausa.

Abin bai tsaya a Gana ba. A shekarar 2020 ɗin Kamaru ta maye gurbin tsohuwar manhajarta ta SYDONIA da CAMCIS, ita ma daga fasahar Koriyar aka samo ta, kuma ta Duwala ne kayan 'yan kasuwar Garwa da Marwa da Injamena ke shigowa. A Nijeriya hukumar kwastan ta fara gwajin tata, B'Odogwu, a Legas a 2024, masu fiton kaya kuma sun yi kukan tsaikon na'ura da kuɗin jinkiri iri ɗaya da na Tema. Ɗan kasuwar Kantin Kwari da ke jiran kwantenarsa daga Apapa yana da abin tambayar ɗan'uwansa na Kumasi, kuma tambayar farko ita ce wa ya biya kuɗin kwanakin da na'ura ta tsaya.