Jadawalin Ƙididdiga: Yadda Ake Kasa Lambobi Rukuni-Rukuni da Harshen Kwamfuta

Duk wanda Allah ya ɗora wa nauyin riƙon lissafin jama'a, ko shugaban makaranta ne da sakamakon ɗalibai ɗari biyar a gabansa, ko malamin asibiti mai rubuta nauyin jarirai, ko akawun ƙungiyar manoma mai ƙidayar buhunan da kowane gida ya samu da kaka, ya san cewa lambobi idan suka yi yawa ido ba ya iya riƙe su, zuciya kuma ba ta iya fitar da hukunci daga cikinsu. Maganin da ma'abota ilmin ƙididdiga suka samo wa wannan mushkila shi ne a kasa lambobin rukuni-rukuni, a ƙidaya adadin da ya faɗa cikin kowane rukuni, sa'an nan a jera su a takarda guda yadda mai karatu zai ga inda jama'a suka taru da inda suka ƙaranta. Wannan shi ne jadawalin yawan aukuwa. A zamanin nan kwamfuta ce ke ƙirgar, cikin ƙiftawa da Bismillah, amma akwai hukunci biyu da ba ta ɗauke wa ɗan Adam ba, wato inda za a kafa iyakar kowane rukuni, da kuma surar da za a fito da jadawalin a cikinta.

Wannan fanni ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun a ƙarni na 9 na Miladiyya, malamin nan na Bagadaza, Yaƙubu ɗan Is'haƙa Alkindi, ya wallafa risala a kan warware rubutun sirri, inda ya bayyana cewa wanda ya ƙidaya sau nawa kowane harafi ke zuwa a cikin zance zai iya gano abin da aka ɓoye. A shekarar 1662 kuma wani ɗan kasuwa na birnin Landan, John Graunt, ya tattara takardun mace-macen da ake fitarwa kowane mako, ya tsara su, har ya ƙiyasta cewa a cikin kowane yara 100 wajen 36 ke rasuwa kafin su cika shekara shida. Alkindi haruffa ya ƙirga ɗaya-ɗaya, shi kuwa Graunt shekarun mutane ya kasa tazara-tazara, kuma wannan kasawar ce mas'alarmu a yau.

Harsunan da ake umurtar kwamfuta da su suna da yawa, amma wanda ya fi shahara a tsakanin malaman ƙididdiga shi ne mai suna R, wanda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙago a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan a farkon shekarun 1990, bisa tafarkin wani harshe da ya gabace shi mai suna S, cikakken bugunsa na farko kuma ya fito a watan Fabrairu na shekarar 2000. Kyauta ake samunsa, ba a biyan ko kwabo. Aikin da muke zance a kansa da umurni biyu ake yin sa a wannan harshe: na farko, cut, shi ke duba kowace lamba ya liƙa mata sunan rukuninta, na biyu, table, shi ke ƙidaya yawan lambobin da ke ɗauke da kowane suna. Sauƙin abin kuwa shi ke sa mai gaggawa ya ɗauka an gama, alhali ba a ma fara ba.

Tambaya ta fari ita ce, rukuni nawa za a yi? Idan suka yi kaɗan, sai a cusa mai hazaƙa da matsakaici a ɗaki guda, bambancinsu ya ɓace. Idan kuma suka yi yawa, sai jadawalin ya koma kusan tsawon jerin da aka gudo daga gare shi. A shekarar 1926 Herbert Sturges ya kawo wata ƙa'ida wadda taƙaitawarta ita ce, duk sa'ad da yawan lambobi ya ninka, sai a ƙara rukuni ɗaya tak: lambobi 64 rukuni 7, lambobi 128 rukuni 8, lambobi 1,000 kimanin rukuni 11. Da ita R ke aiki idan aka ce ya zana hoton ƙididdiga ba a faɗa masa adadi ba. Amma fa shawara ce, ba farilla ba, domin inda hukuma ta riga ta ajiye matakai, kamar darajojin jarrabawa, waɗannan ne abin bi.

Tambaya ta biyu, wadda ta fi kowace nauyi, ita ce ta haddi. Duk almajirin da ya karanci babin zakka ya san yadda malaman fiƙihu suka tsananta ihtiyaɗi a wannan wuri, inda suka ce tumaki daga 40 zuwa 120 akwai guda ɗaya a kansu, daga 121 zuwa 200 akwai biyu, daga 201 kuwa sai uku. Ba su bar wani adadi ya zauna a gida biyu ba, ba su kuma bar wani a waje babu hukunci ba. Sharaɗin jadawali ingantacce ke nan, babu ragi babu ƙari: kowace lamba ta sami rukuni, kuma rukuni ɗaya kaɗai.

Bari mu duba abin kusa-kusa. A ƙaddara malami ne a makarantar da ƙa'idarta ta ce maki 40 shi ne farkon ci, ya ba kwamfuta iyakoki 0, 40, 50, 60, 70 da 100, bai ƙara komai ba. Abin da R zai fito da shi shi ne (0,40] da (40,50] har zuwa ƙarshe. Bakan nan mai kusurwa ma'anarsa lambar da ke jikinsa tana ciki, mai lanƙwasa kuwa ma'anarsa tana waje. Ashe ke nan yaron da ya sami 40 cif an lissafa shi cikin waɗanda suka faɗi, wanda ya sami 70 an sauko da shi daga darajar farko, wanda ya sami sifiri kuwa ba shi da gida sam, domin an bar shi babu rukuni, umurnin table kuma a al'adarsa ba ya ambaton marasa rukuni, sai ya wuce su shiru. Idan malamin ya farga ya rubuta right = FALSE, iyakokin za su juya su zama [0,40) da [40,50), mai 40 ya sami haƙƙinsa, mai sifiri ya shigo; amma a sa'an nan zakaran ajin da ya cinye 100 shi ne zai ɓace, sai an ƙara include.lowest = TRUE kafin a rufe ƙofar ƙarshe da shi a ciki. Babu kuskure ko ɗaya a lissafin na'urar cikin duk wannan, abin da aka umurce ta ta yi.

Bayan an tabbatar da iyaka sai a koma ga sura. R a ɗabi'arsa alƙaluma uku yake fara gwadawa wajen rubuta sunan rukuni, saboda haka wanda ke kasa kuɗin shigar gidaje daga naira 50,000 zuwa 100,000 zai tarar an rubuta masa (5e+04,1e+05], rubutun da masanin hisabi zai gane nan take, amma hakimi ko shugabar ƙungiyar mata da aka shirya rahoton dominsu za su ɗauka na'urar ce ta lalace. Ana gyara wannan ta ƙara yawan alƙaluma da dig.lab, amma mafifici shi ne mutum ya rubuta sunayen da hannunsa ta hanyar labels, ya ce "40 zuwa 49", "70 zuwa sama", da harshen da mai karatu ke ji. Sai dai wajibi ne sunan ya dace da haƙiƙanin abin da na'ura ta yi, domin idan akwai mai maki 49.5, to "40 zuwa ƙasa da 50" shi ne lafazi na gaskiya.

Jadawali kammalalle yakan zo da layuka huɗu na tsaye: sunan rukuni, adadin da ke cikinsa, kasonsa cikin ɗari, wanda ake samu ta ninka abin da prop.table ke fitarwa sau ɗari, da kuma jimillar da ke taruwa daga sama zuwa ƙasa, wadda cumsum ke bayarwa, ita ce kuma mai amsa tambayar mutum nawa ne ba su kai 50 ba. Ladabin rubuta su kaɗan ne amma ba a wasa da shi. Lambobi a jingina su dama, ɗigo ƙarƙashin ɗigo. Alƙalami ɗaya bayan ɗigo ya wadatar ga kaso. Rukunin da babu kowa a cikinsa a bar shi da sifirinsa, don rashin kowa a wuri shi ma labari ne. Waɗanda ba a sami lambarsu ba a ware musu layi ta hanyar useNA. Idan kuma jimillar kaso ta fito 99.9, kamar yadda ke faruwa ga rukuni uku masu 33.3 kowanne, kada a yi wa wani ƙari a ɓoye, a rubuta a ƙasa cewa taƙaita alƙaluma ne ya jawo.

Masu aiki da harshen Python su ma ba su kuɓuta ba. Kundin pandas, wanda Wes McKinney ya fara a 2008, yana da nasa cut mai rufe iyakar dama kamar na R, umurninsa na ƙidaya kuma, value_counts, yakan jera rukunoni daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, har tsarin ƙarami zuwa babba ya wargaje, sai an hana shi da sort=False. Umurnin histogram na kundin NumPy kuwa iyakar hagu yake rufewa, ban da rukunin ƙarshe da yake rufe duka biyun. Ta haka mutum biyu masu gaskiya, da lambobi iri ɗaya da iyakoki iri ɗaya, za su iya fito da jadawali biyu masu saɓani.

Saboda haka, ya kai mai shirya jadawali, kafin ka miƙa shi ga wanda zai yanke hukunci da shi, ka tara adadin rukunonin duka ka gwama da yawan lambobin da ka fara da su, sa'an nan ka zaɓi lamba ɗaya wadda ta faɗa daidai kan iyaka ka bi sawunta har ka ga inda aka ajiye ta. Kai kuma mai karatu, idan aka kawo maka jadawalin da ya ce "40 zuwa 50" sa'an nan "50 zuwa 60", ka tambayi mai shi a wane layi ya sa mai 50, kada kuma ka sa hannu sai ya ba ka amsa.