Kimiyya a Cikin Tukunya: Dagargajajjen Dankalin Turawa da Gasasshiyar Tafarnuwa

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani abinci da ake zubawa a gefen faranti domin ya raka nama ko kifi, watau dankalin turawa da aka dafa aka dagargaza da man shanu da madara, wani lokaci kuma a haɗa shi da gasasshiyar tafarnuwa. Ga ido dai girki ne mai sauƙi, amma yakan ba mai dafuwa kunya ta hanya biyu: ko dai dankalin ya fito da danƙo kamar ƙaro, ko kuwa yajin tafarnuwa ya danne ɗanɗanon komai. Wannan maƙala za ta nuna cewa matsalolin biyu tushensu ɗaya ne, watau abin da ke samun ƙwayoyin halittar tsiro idan wuta ta taɓa su ko aka murƙushe su.

Asalin Dankalin

Ko da yake muna kiransa dankalin turawa, asalinsa ba daga Turai yake ba. Mutanen tsaunukan Andes na Amurka ta Kudu, a yankin tafkin Titikaka da ke tsakanin Peru da Bolibiya, su ne suka fara noma shi fiye da shekara 7,000 da suka wuce. Sai a ƙarni na 16 mutanen Sipaniya suka kai shi Turai, daga can kuma ya bazu a duniya. Da yake tsiro ne mai son sanyi, a Nijeriya an fi noma shi a Jihar Filato, musamman yankunan Bokkos da Mangu.

Abin da Wuta ke Yi wa Dankali

A cikin kowane giram 100 na ɗanyen dankali akwai ruwa kimanin giram 79, da sitaci kimanin giram 15, da furotin kimanin giram 2. Idan aka yanki siririn yanka aka duba da madubin ƙara girman abu, za a ga ƙwayoyin halitta jere kamar ɗakunan saƙar zuma. A cikin kowane ɗaki akwai ƙananan dunƙule-dunƙulen sitaci, bangon ɗakunan kuma a manne yake da juna da wani sinadari mai suna fektin.

Da zarar zafi ya kai wajen digiri 60 a ma'aunin Selshiyos, sai dunƙulen sitacin su fara shan ruwa suna kumbura har su cika ɗakin. Idan zafin ya kusanci tafasa, sai fektin ya fara narkewa, ɗakunan su saki juna. Wannan shi ne abin da muke kira nuna. Saboda haka dagargajajjen dankali mai laushi ba kome ba ne illa tarin ƙwayoyin halitta da suka rabu da juna ba tare da sun fashe ba, kowace tana riƙe da sitacinta a ciki.

To, idan aka matsa wa dafaffen dankali da duka, ko aka jefa shi cikin injin markaɗe, bangon ƙwayoyin zai yage, sitacin ya kwararo waje. Sitaci kuwa dogayen sarƙoƙi ne na sukari iri biyu, amilos da amilofektin, kuma da sun fito sai su sarƙe da juna su zama danƙo. Duk wanda ya taɓa ganin ana kirɓa sakwara ya ga wannan aiki da idonsa, domin taɓarya fasa ƙwayoyin doya take yi don a sami danƙon da ake so. Abin da ake nema a turmin sakwara shi ne ainihin abin da ake gudu a tukunyar dankali.

Abin da Wuta ke Yi wa Tafarnuwa

Dunƙulen tafarnuwa da ba a taɓa ba kusan ba shi da wari. Dalili kuwa shi ne a cikin kowace ƙwayar halittarta akwai abubuwa biyu da aka ajiye a wurare daban. Na farko sinadari ne mai ɗauke da farar wuta, ana kiransa aliyin. Na biyu kuma inzayim ne, watau furotin mai hanzarta haɗuwar sinadarai, ana kiransa aliyines. Idan wuƙa ko haƙori ya fasa ƙwayar, sai su biyun su gamu, cikin 'yan daƙiƙoƙi a sami alisin, wanda shi ne mai wari da yajin nan da muka sani. Da haka tsiron ke kare kansa daga ƙwari da ƙwayoyin cuta. Masana biyu a Amurka, Chester Cavallito da John Bailey, su suka fara ware alisin a shekarar 1944.

Inzayim kuwa ba ya jure zafi. Idan aka gasa tafarnuwa a dunƙulenta, wuta za ta lalata aliyines tun kafin ƙwayoyin su fashe, saboda haka alisin ba zai samu ba sai ɗan kaɗan. Har ila yau, tafarnuwa ba sitaci take tarawa ba, wasu sarƙoƙin sukari ne da ake kira furuktan, waɗanda doguwar wuta ke kakkarya wasu daga cikinsu su ba da zaƙi. Sukarin kuma ya haɗu da sinadaran furotin ya haifar da launin ƙasa-ƙasa da ƙamshi, irin wanda ake samu a ɓawon burodi da tsire. Wani masani ɗan Faransa, Louis-Camille Maillard, shi ya fara bayyana wannan haɗuwa a shekarar 1912, kuma da sunansa ake kiranta.

Yadda Ake Haɗawa

Za a nemi dankali kilo 1, da dunƙulen tafarnuwa 1, da man shanu giram 60, da madara mililita 200, da gishiri. A yanke saman tafarnuwar kaɗan, a ɗiga mata mai, a naɗe da takardar alminiyam, a gasa a tanda mai zafin digiri 200 na minti 40, ko a binne ta cikin toka mai zafi har ta yi laushi.

A fere dankalin, a yanka shi daidai wa daida, a ɗora cikin ruwan sanyi mai gishiri. Idan aka jefa shi cikin tafasasshen ruwa, baya zai dagargaje alhali ciki bai nuna ba. Yakan ɗauki minti 15 zuwa 20 bayan tafasa, amma a Jos, inda tudu ya kai kimanin mita 1,200, ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 96, don haka sai an ɗan ƙara lokaci. A tsane ruwan sarai, a dagargaza da cokali mai yatsu tun yana da zafi. A fara sa man shanu domin ya lulluɓe sitacin, sannan a matse tafarnuwar daga ɓawonta, a zuba madara mai ɗumi, a juya a hankali, a tsaya da zarar ya haɗu.

Gargaɗi

Dankalin da ya yi kore ko ya yi tsiro yana tara guba mai suna solanin, wadda tafasawa ba ta kawar da ita. A yanke wurin sosai, in kuwa koren ya yi yawa ko yana ɗaci, a zubar. Haka nan kada a ajiye tafarnuwa cikin mai a zafin ɗaki, domin wata ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum tana yaɗuwa inda babu iska, kuma gubarta tana kisa.

Gwaji Domin Aji

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Malami zai iya raba dafaffen dankali biyu, a murƙushe kashi ɗaya da cokali, ɗayan a kirɓa a turmi. A zuba cokali guda na kowane a kofin ruwan sanyi, a motsa, a bari ya kwanta, sannan a ɗiga aidin a ruwan saman. Aidin yana mai da sitaci shuɗi mai duhu, saboda haka ɗalibai su kwatanta launin kofunan biyu, su faɗi dalili. Sai kuma a daka ɗanyar tafarnuwa da gasasshiya daban-daban, a shinshina.

Kammalawa

Mai dafa wannan abinci yana sarrafa ƙwayoyin halitta ne ko da bai taɓa ganinsu ba. A dankali yana raba su ba tare da ya fasa ba, a tafarnuwa kuwa yana kashe inzayim kafin ya fasa. Ɗalibin da ya fahimci haka zai iya tambayar kansa me ya sa albasa ke sa hawaye idan ana yanka ta, amma ba ta sawa bayan an soya.