Neman diyyar rauni da tsoron kora: ina gaskiyar take?

A teburin mai shayi a Sama Road na ji ana ja wa wani matashi kunne. Janareta ya ƙona masa hannu a wurin aiki, sai abokansa ke cewa ya kama bakinsa, wai duk wanda ya nemi diyya takardar sallama ce ke biyo baya, kuma da zarar an kore shi diyyar ta bi ruwa. Maganar ta tsaya mini a rai, domin akwai gaskiya a cikinta, kuma ita ke sa a haɗiye ƙaryar.

Gaskiya ne ana kora. Dokar Ƙwadago ta yarda mai kamfani ya sallami ma'aikaci da sanarwa: mako ɗaya ga wanda ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, wata guda ga mai shekara 5. Sai dai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a nan Sakkwato, tana da hurumin sauraron ƙarar zalunci a wurin aiki tun gyaran tsarin mulki na 2010, kuma ta sha neman a kawo dalilin sallama.

Batun diyya ta bi ruwa kuwa ƙarya ce. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ɗora biyan a kan asusun hukumar NSITF, wanda masu ɗaukar aiki ke zuba wa kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin wata, ba tare da an taɓa ko kwabon ma'aikaci ba. Haƙƙin yana rataye ne da raunin da aka ji a bakin aiki. Takardar "na yafe" da aka sa mutum ya sa wa hannu ba ta da daraja a gaban dokar. Leburan wucin gadi da 'yan koyo duk suna ciki. Sojoji ne aka ware.

Abin da ke cinye haƙƙi shi ne shiru, kuma nan ne na fi jin tsoro ga wannan yaro. Kwana 14 gare shi ya sanar da maigidansa, shi kuma maigidan ya kai rahoto cikin kwana 7. Takardar neman diyya ta shiga cikin shekara 1. In hukuncin NSITF bai yi masa ba, sai ya fara komawa gare ta cikin kwana 180 kafin ya nufi kotu. Tsallake wannan mataki na iya sa a maido shi baya.

Na ce masa ya rubuta sanarwar a daren, ya riƙe kwafi, ya kuma adana katin asibiti. Ranar kwanansa 9 da ƙonewa.