Kada Ki Yar da Tsohon Akwatin Wasan Yara, Uwargida Ma Tana Iya Gyara Shi

A wannan mako za mu ɗan ajiye zancen girki, mu duba wani abu da yake kwance a ƙasan akwati ko bayan kabad a gidaje da yawa, wato ɗan akwatin wasan nan na hannu mai aiki da batir, wanda yara suka yi yayinsa, ya daina kamawa, aka manta da shi. Galibinsu ba mutuwa suka yi ba, datti ne da ruwan batir suka hana su aiki.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Game Boy, na kamfanin Nintendo na ƙasar Japan, wanda ya fito a 1989. Wani injiniya mai suna Gunpei Yokoi ne ya shugabanci ƙera shi, kuma da gangan ya zaɓi kaya masu araha da ƙarko, shi ya sa gilashinsa ba launi ba fitila, amma batir huɗu suna daɗewa a ciki. Shi da ƙanensa mai launi an sayar da fiye da miliyan 118. Akwai ma wani da ya ƙone a yaƙin Tekun Fasha na 1991, jikinsa duk ya narke, amma yana aiki, har aka yi shekaru ana nuna shi a kantin kamfanin a birnin New York. A nan ƙasar kuwa wanda ya fi shiga hannun yara shi ne mai araha ɗin nan na jera bulo da ake kira Brick Game. Ciwon duka ɗaya ne, magani ma ɗaya.

Ki fara da ɗakin batir. In kin buɗe kika ga wani farin gari ko kore ya daskare a kan ƙarafan da batir yake taɓawa, to kin kama ɓarawon. Batir ne aka bari a ciki ya zubar da ruwansa. Kada ki taɓa garin nan da hannu, kada kuma ki hure shi, domin yana cin fata, in ya shiga ido kuwa abin ba daɗi. Ki sa leda a hannu, ki kori yara daga wurin, sannan ki duba jikin tsohon batirin. Idan an rubuta Alkaline, ruwansa dangin ruwan tokar nan ne da iyayenmu suke sabulu da shi, abu mai tsami ne yake kashe kaifinsa. Sai ki tsoma audugar goge kunne a ruwan lemun tsami ko ruwan khal ki shafa, za ki ga yana ɗan kumfa. Idan kuwa batirin nan ne mai araha na tocila, nasa ruwan shi ne mai tsami, sai ki dama ɗan bakar hoda ki shafa. Ki goge da tsohon buroshin haƙora, ki bi da sifirit, ki bar shi ya bushe sarai kafin ki sa sabon batir. Audugar ta jiƙu kawai, kada ruwa ya ɗiga ciki.

Kin kunna, fitila ta kama, amma ba hoto? Kafin ki yanke ƙauna ki murza ɗan ƙaramin faifan da yake gefen hagu, shi ne yake ƙara duhun hoto ko ya rage. Sau da yawa wannan ne kaɗai matsalar. Idan kuma sunan Nintendo ya sauko a hargitse, kaset ɗin wasan ne ya yi datti. Yara suna da ɗabi'ar hure shi da baki, wannan kuwa danshi yake sa masa har ya yi tsatsa. A goge haƙoransa da auduga da sifirit.

Maɓallan da suka ƙi dannuwa sai an buɗe akwatin. Kusoshi shida ne a baya, biyu suna ɓoye a ɗakin batir, kuma a yawancinsu kan kusar tsaga uku ne, sukudireban gida ba ya shiga. Ki aika a aro wurin mai gyaran waya, kada ki matsa da wuƙa ki cinye kan kusar. Ki buɗe a hankali ƙwarai, saboda akwai wata waya mai faɗi kamar kirtani da ta haɗa gaba da baya, in ta tsinke gyara ya zama ɓarna. Ƙarƙashin kowane maɓalli akwai 'yar roba mai baƙin ɗigo, ita za ki goge tare da wurin da take taɓawa. Ki zuba kusoshin a murfin kwano, don ɗaya ta faɗa tabarma sai dai haƙuri.

Akwai inda hannunki zai tsaya. Idan layuka a tsaye sun ɓace a gilashi, wayar ƙasan gilashin ce ta saki, ana ɗumama ta da ƙarfen narka dalma ta koma, wannan aikin mai gyaran rediyo ne. Layuka a kwance kuwa da wuya su gyaru, kada ki bari a karɓi kuɗinki a kansu sai an nuna miki ya yi.

Sai abin da ya fi damuna. Wasu kaset, kamar na wasan Pokemon, suna da ɗan batir a ciki mai kama da kwabo, shi yake riƙe inda yaro ya tsaya a wasa, kuma bayan shekaru yana mutuwa a sauya shi. Wanda aka cire kada ya kwana a ɗaki. Yaro mai rarrafe yana ganinsa zai kai baki, in ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona naman wurin cikin awa biyu. Idan kina zaton yaro ya haɗiye, kada ki sa shi amai, kada ki jira maigida ya dawo, ki ɗauke shi zuwa asibiti nan take ki gaya musu batir ne.

In akwatin ya tashi yara sun yi wasansu, duk ranar da za a ajiye shi fiye da wata guda, a zare batir a ajiye daban.