Tukunyar Damina Tun Kaka Ake Ɗora Ta

A ƙasar Hausa, lokacin da gari ya fi yin kore shar shi ne lokacin da tukunya ta fi shan wuya. Daga Yuni zuwa Agusta geron gona bai nuna ba, na rumbu ya kusa ƙarewa, kwano ya yi tsada a kasuwa, ga noma yana cin ƙarfi. A waɗannan watanni ne asibitoci daga Katsina zuwa Maraɗi suka fi cika da yara masu tamowa, domin yunwa takan haɗu da zazzaɓin cizon sauro. Gidan da ya ƙetare wannan tsakani lafiya ba a damina ya yi dabararsa ba. Tun kaka da rani aka yi ta, kuma rabi da kwatanta a hannun mata take.

Idan marka ta zauna, itace ya jiƙe, madafa ta turnuƙe da hayaƙi, awon da maigida ke fitarwa ya ragu, uwargida sai ta koma wa ganye: tafasa, rama, zogale, yakuwa. A dafa, a matse ruwan, a daka ƙuli-ƙuli da barkono da gishiri, a yanka albasa, a ɗiga man gyaɗa, kwaɗo ya haɗu. Wata rana dambu za a turara, a cika shi da zogale don ya yi auki, yara su ɗauka su kai wa masu noma. Ana yi wa wannan cima kallon ta talaka, alhali haɗin nata akwai hikima. Ganyen yana da sinadarin ƙarfe mai gina jini da abin da jiki ke mayarwa bitamin A, wanda hanji ba ya tsotsarsa sosai sai da maiƙo. Man gyaɗar nan shi ke wannan aiki, ƙuli-ƙuli kuma ya tsaya a madadin nama.

Da gero ya nuna sai gida ya sake fuska. Yara na gasa tumu da masara, ana dafa sabuwar gyaɗa, dawa kuma ta biyo baya wajen Nuwamba. A fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, a biya bashin damina, a sa ranar bukukuwan da aka ɗage. A nan ne gida ke cin jarrabawa ko ya faɗi, domin hatsi bai taɓa araha kamar kaka ba, kuma wanda ya sayar a lokacin shi zai dawo ya saya da tsada a Yuli. Shi ya sa magidantan da sukan ware rumbu guda su liƙe shi, ba mai taɓawa sai ruwa ya sauka an shiga gona.

Ajiya kuwa ba ta yiwuwa sai da bushewa. Masana suna son danshin hatsi ya sauka zuwa wajen kashi 13 cikin 100 kafin a adana shi. Tsofaffi su kuma ƙwaya ɗaya suke ciza, in ta ce ƙas, ta yi. Gyaɗa da masarar da aka tara da laima sukan yi fumfuna mai fitar da gubar afalatoksin. Wuta ba ta kashe wannan guba, kuma tana cikin abubuwan da ke haddasa dajin hanta. Don haka tsince baƙaƙe da motsattsun ƙwayoyi kafin a kai niƙa ba ƙaƙale ba ne. Wake kuma ƙwari ne abokan gabarsa. Maimakon barbaɗa masa maganin feshi, wanda ya sha kwantar da iyali guda, akwai buhun PICS da masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro: leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne tam, ƙwarin su rasa iska su mutu.

Hunturu shi ne babban lokacin shanya, domin iskar da ke busowa daga Sahara ba ta ɗauke da danshi. A daidai nan ne kayan lambu ke cika kasuwa, musamman tumatirin Kadawa da Kura da ke shan ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974. Mace mai tanadi takan sayi kwando, ta yanka, ta baza a tabarma ya zama kauɗa, haka ma tattasai da kuɓewa. Ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba sa hayayyafa in babu ruwa, sirrin ke nan. Sai dai ganye da nasa sharaɗin: kuka da zogale a inuwa ake son su bushe, inda iska ke ratsawa, don rana kai tsaye tana cinye bitamin ɗinsu. Garin kukar da ya koma ruwan ƙasa ya riga ya yi asara. Shanya a gefen kwalta kuma ƙura da kashin dabbobi take kwasowa. A wannan lokaci maza da yawa sun tafi cin rani, gida ya rage mata da yara da tsofaffi. Da safe koko da ƙosai, da dare a kewaye wuta ana jin ɗumi, kaka tana yi wa jikoki tatsuniya.

Bazara kuwa gardama take zuwa da ita. Zafi yakan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato cikin Afrilu, a fito da tabarmi tsakar gida, ciki ya fi son fura da nono da zoɓo. Ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a abincin da ke tsakanin digiri 5 zuwa 60, don haka miyar da ta kwana sai ta tafasa sosai kafin a ci ɗumame. Ɗan jin wuta bai isa ba. Randa tana sanyaya ruwa ne saboda wanda ke tsattsafowa ta jikinta yana tafiya da zafi idan ya bi iska. Da wannan hikima malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, gauta da tattasai suka riƙa daɗewa ba su lalace ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. A bazarar ne kuma ɗorawa ke nuna, mata su tara kalwa, su dafa, su surfe, su rufe ta kwana biyu zuwa uku ta zama daddawar da za a kaɗa miyar damina da ita.

Iyalin birni da suka dogara da firji da cefanen kullum sun fi kowa jin jiki idan kasuwa ta juya. A 2016, da tsutsar tumatir ta cinye gonakin Kano da Kaduna, gidan da ke da kauɗa bai fasa miya ba. Tanadin nan ba ya buƙatar wutar lantarki, tabarma ce da inuwa da buhu mai kyau da sanin lokaci. Abin da ya fi ƙaranci yanzu shi ne mai koya wa na baya, domin yaron da ya tashi bai taɓa ganin an yanka kuɓewa an shanya ba, duk abin da ɗan kasuwa ya yanka masa a Yuli shi zai biya.