Ɓera ba ya haila: abin da ya sa masana ke rainon naman mahaifa a ɗakin gwaji

Yawancin magungunan da muke sha an fara gwada su ne a jikin ɓera. Dabarar ta yi amfani a cututtuka da dama, amma idan aka zo kan lafiyar mata sai ta ci karo da wata matsala: ɓeran da ake kiwo a ɗakin gwaji ba ya haila. Dabbobin da ke yin ta kaɗan ne, daga cikinsu akwai mutum, da wasu birai, da wasu jemagu, sai wani ɓera mai ƙaya na ƙasar Masar da masana a Ostareliya suka gano yana yi a shekarar 2016. Saboda haka duk cutar da ke da alaƙa da jinin al'ada, an daɗe ana nazarinta a jikin dabbar da ba ta san abin ba.

Babban misali shi ne cutar da likitoci ke kira endometiriyosis, ko endométriose a asibitocin da ake aiki da Faransanci. Nama irin wanda ke shimfiɗe a cikin mahaifa ne yake tsirowa a wajenta, a kan ƙwan mace ko bangon ciki ko hanji. Yana haddasa ciwon mara mai tsanani lokacin al'ada, wani lokaci da rashin haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin goma na masu shekarun haihuwa tana da ita, kimanin mata miliyan 190. Har yau babu maganin da ke warkar da ita gaba ɗaya, kuma mace kan yi shekaru ana ce mata ciwon mara ne kawai kafin a gano. A wurinmu, inda ake yawan ɗora wa mace laifin rashin haihuwa, shekarun nan na iya cinye aure.

Hanyar da masana suka kama ta samo asali ne daga hanji. A shekarar 2009, a birnin Utrecht na ƙasar Holan, Toshiro Sato da Hans Clevers suka nuna cewa idan aka ɗauki ƙwayoyin halitta na bangon hanji aka sa su cikin wani abu mai yauƙi tare da sinadaran da suke buƙata, za su tsara kansu su zama ƴan dunƙule masu kama da hanjin gaske. Ana kiransu oganoyid. Ba su fi ƙwayar gero ba, yawanci ma ba su kai ba.

A shekarar 2017 ƙungiyoyi biyu suka yi haka da naman cikin mahaifa: ta Margherita Turco a Jami'ar Kambirij ta Ingila, da ta Hugo Vankelecom a Jami'ar Luben ta Beljiyam. Abin da ya ja hankali shi ne ƴan dunƙulen suna jin umarnin jiki. Idan aka zuba musu sinadarin istirojin sai su yi girma, idan aka bi da furojestaron sai su fara fitar da ruwan da mahaifa ke tanadar wa ɗan tayi, kamar yadda ake yi a rabin wata na biyu. Ana iya riƙe su watanni, a daskarar da su, a sake farfaɗo da su. A 2019 masanan Luben suka raini irinsu daga naman mata masu endometiriyosis da masu sankarar mahaifa, suka ga sun riƙe halayen cutar. Wato ana iya gwada magani a kan naman majinyaciya ba tare da ta sha ko ƙwaya ɗaya ba.

Ci gaban da ya fi burge ni shi ne na 2021, lokacin da masu bincike a Kambirij suka samar da oganoyid daga jinin al'ada da mata suka tara da kansu. Da can sai an shigar da ƙarfe cikin mahaifa an yanko nama, abin da ba kowace mace za ta yarda da shi ba. Yanzu abin da ake zubarwa kowane wata ya isa.

Akwai kuma masu gina na'ura. A 2017 Teresa Woodruff, wadda a lokacin take Jami'ar Northwestern a Amurka, ta haɗa naman ƙwan mace, da bututun ƙwai, da mahaifa, da bakin mahaifa, da hanta a cikin wani akwati da ruwa ke zagayawa a madadin jini, ya yi zagayen kwana 28. Naman ƙwan dai na ɓera ne, sauran na mutum. A 2022 cibiyar Wyss ta Jami'ar Harvard, da tallafin gidauniyar Gates, ta fitar da wata ƴar na'urar roba mai ɗauke da ƙwayoyin bangon farji, domin nazarin wani nau'in sanyin mata da ke faruwa idan ƙwayoyin cuta suka kori masu amfani. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don ya fi yawa a Afirka kudu da Sahara, yana ƙara haɗarin kamuwa da cutar ƙanjamau da haihuwar bakwaini, kuma yakan dawo bayan an sha magani. Haka nan tun 2018 ana rainon ƙwayoyin mabiyiya, wadda daga gare ta hawan jinin masu ciki da jijjiga suke farawa. Kusan kashi 70 cikin 100 na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya a yankinmu na Afirka suke.

Kada dai a ɗauka an ƙera mahaifa. Yawancin oganoyid nau'in ƙwaya ɗaya ne kawai, na saman bango, babu jijiyoyin jini, babu garkuwar jiki, alhali endometiriyosis cuta ce ta kumburi. Abin yauƙin da ake rainonsu a ciki ma daga ƙarin jikin ɓera ake tatso shi, yana da tsada, kuma kowace kwalba na iya bambanta da ƴar'uwarta. Linda Griffith ta MIT, wadda ita kanta ta yi fama da cutar, tana cikin masu ƙoƙarin maye gurbinsa da na haɗi.

Sai tambayar naman wa ake raino. A 1951 an ɗauki ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa na Henrietta Lacks, baƙar fata, a asibitin Johns Hopkins ba tare da izininta ba, kuma har yau ana amfani da su. Yanzu sai da yardar mace a rubuce. Amma manyan ɗakunan da ke wannan aiki suna Turai da Amurka, kuma yawanci daga asibitocin da ke kusa da su suke samun nama. Bincike a birnin Durban na Afirka ta Kudu ya nuna cewa ƙwayar da ta fi kare matan Turai, Lactobacillus crispatus, ba ta da rinjaye a jikin yawancin ƴan matan da aka duba a can. Maganin da aka tace a kan naman wata mace a Boston sai an sake gwada shi a kan na matan Maraɗi ko Garwa kafin a san ko zai yi musu aiki.