Kafin Mai Walda Ya Taɓa Motarka

Manyan motocin da ke kai da komo a unguwar Maitama, irin su Land Cruiser da Lexus da Marsandi, ba kamar Fijo 504 ba ne da aka riƙa haɗawa a Kaduna. Ita Fijo ƙarfe ce da ƴan wayoyi. Waɗannan kuwa cike suke da ƙananan kwamfutoci: ta inji, ta giya, ta birki, da ta jakar iskar da ke kare fasinja. Shi ya sa salansa kan tsage, direba ya kai ta garejin Apo, a yi walda ta yi kyau, amma mota ta ƙi tashi.

Batirin mota volt 12 yake bayarwa, na'urorin da ke kai wa kwamfuta rahoto kuwa da yawansu volt 5 suke aiki da shi. Injin walda na iya kai volt 50 zuwa 80 kafin wuta ta kama, ga amfiya kusan 100 ko fiye. Wannan wuta ba ta tsayawa a bakin walda. Dole ta koma injin ta waya ta biyu, wadda ake maƙalawa a jikin mota, kuma duk hanyar da ta samu za ta bi.

Ga misalin salansa: da robobi ake rataye ta, roba kuwa ba ta wuce da wuta. Idan aka maƙala wayar a can jikin bodi, wutar na iya bi ta siririyar wayar na'urar auna hayaƙi, wadda ke tafiya kai tsaye zuwa kwamfutar inji. Haka take ƙona bayarin ko hinjin ƙofa idan suka faɗo a hanyarta.

Saboda haka, a kankare fenti da tsatsa, a maƙala wayar a jikin ƙarfen da ake wa aiki, dab da wurin walda. A kashe mota, a cire kan batir mai alamar ragi tukuna, sannan a jira ƴan mintoci, domin kwamfutar jakar iska na riƙe caji. Cire batir kaɗai bai wadatar ba: duk kwamfutar da ke cikin tazarar santimita 30 daga wurin aikin a cire ta. A duba bayan ƙarfen ko akwai wayoyi ko tiyon fetur. Abin da zai kwantu, a kwance shi a yi waldar a ƙasa. Mota mai haɗin fetur da lantarki kuwa, mai wayoyi ruwan lemo, ɗaruruwan volt ke cikinta, sai gwaninta.

Rigakafi ya fi magani, ballantana kwamfutar da aka sauya sau da yawa sai an sake daidaita ta da makulli. Maigida, ka gaya wa direbanka: kafin a kunna injin walda, ya tambaya, "Malam, ina za ka maƙala wayar?"